Ibnu Muƙla: Wazirin da ya aza wa rubutu ma'auni

Duk alhajin da ya ɗaga kai ya dubi ayoyin da aka saƙa da zaren zinariya a jikin rigar Ka'aba, ko ɗalibin da ya sayi tafsiri bugun Alƙahira ya tsaya yana sha'awar yadda aka tsara sunan littafin a bango, ko ma'aikacin da ya buɗe kwamfuta ya zaɓi samfurin haruffan Larabci masu ƙawa domin katin gayyata, to ya ci moriyar aikin wani mutum da ya rasu a kurkukun Bagadaza fiye da shekara dubu da suka wuce, ba hannun dama, ba harshe. Sunansa Abu Ali Muhammadu ɗan Ali, wanda aka fi sani da Ibnu Muƙla. Sau uku yana riƙe muƙamin waziri a ƙarƙashin halifofi uku na Banul Abbas, amma yau in ba masu nazarin tarihin wannan daula ba, babu mai tunawa da wazircinsa. Abin da duniya ta riƙe shi ne ma'aunin da ya aza wa baƙaƙen Larabci. A kan wannan ma'auni nake son mu yi nazari, domin akwai abin da ya shafe mu a cikinsa.

An haifi Ibnu Muƙla a Bagadaza a shekara ta 272 bayan Hijira, wato wajejen 886 Miladiyya. Kalmar muƙla a Larabce tana nufin ƙwayar ido. Gidansu gidan alƙalami ne, domin mahaifinsa marubuci ne, haka kuma ɗan'uwansa Abu Abdullahi Hasan ya yi suna wajen kyan hannu, har Ibnu Nadim, mai littafin Fihrist, ya haɗa su biyun wajen yabo. Ya tashi a lokacin da takarda ta riga ta wadata a Iraƙi, tun bayan da aka fara sarrafa ta a Bagadaza a ƙarshen ƙarni na 8. Kafin haka a kan fata ake rubuta Alƙur'ani, da rubutun nan mai kusurwoyi da ake kira Kufi, wanda yake da kwarjini amma yake cin lokaci da wuri. Da takarda ta yi araha sai littattafai suka yawaita, ofisoshin hukuma suka cika da magatakarda, kowane ofishi da irin hannun da ya saba da shi, har salon rubutun da ake amfani da su suka haura ashirin, ba tare da wata ƙa'ida guda da ta ɗaure su ba.

Ta ƙofar aikin gwamnati ya shigo duniya. Ya fara da karɓar haraji a lardin Farisa, sa'annan ya dawo Bagadaza ya shiga inuwar waziri Ibnul Furat, wanda ya ɗora shi a kan wasiƙun hukuma. Wannan ya faru ne a farkon mulkin Halifa Muƙtadir, wanda aka naɗa a 908 yana ɗan shekara 13. Mulkin yaro kuwa kasuwa ce ta fadawa. Mahaifiyar halifa da hafsoshin soja da manyan magatakarda kowa ya ja nasa ɓangare, baitulmali ya riƙa ƙarewa, wazirai suka zama kamar riga, a sa yau a tuɓe gobe. Ya zama al'ada in an sauke waziri a tsare shi, a azabtar da shi har sai ya biya tara mai yawa, wanda ya gaje shi kuma ya san irin wannan ranar tana jiransa. A cikin wannan makaranta Ibnu Muƙla ya koyi siyasa, kuma ya koye ta da kyau, domin bai daɗe ba ya juya wa ubangidansa baya ya nemi wasu iyayen gidan.

A shekarar 928 ya hau kujerar waziri a karo na farko. Bai gaji daula lafiyayya ba. Fatimawa sun riga sun kafa tasu halifancin a Arewacin Afirka tun 909, a 929 kuma Abdurrahman na Uku ya ayyana kansa halifa a Ƙurɗuba ta Andalus. Mafi muni, a farkon 930 mayaƙan Ƙaramiɗa suka afka wa Makka lokacin aikin Hajji, suka kashe alhazai, suka ɗauke Hajarul Aswadi, wanda bai dawo ba sai bayan shekara ashirin da 'yan kai. A cikin wannan shekara aka sauke Ibnu Muƙla aka tsare shi, daga baya aka kore shi zuwa Farisa. Da aka kashe Muƙtadir a 932, sabon halifa Ƙahir ya kira shi ya mayar masa da muƙaminsa, amma ba a yi shekara ba suka ɓata, waziri ya shiga ɓuya. Marubuta tarihi sun ce daga maɓoyarsa ya riƙa fita da dare cikin ɓad da kama yana zuga dogaran fada, har a 934 suka tumɓuke Ƙahir, aka makantar da shi, aka naɗa Radi. Sakamakon Ibnu Muƙla shi ne wazirci karo na uku.

Akwai wani lamari na wannan zango da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin yana nuna cewa tunanin daidaita abubuwa bisa ƙa'ida guda shi ne iskar da ke kaɗawa a Bagadaza a lokacin. Babban malamin ƙira'a Ibnu Mujahid ya riga ya tattara ƙira'o'i bakwai, cikinsu har da ta Nafi'u ta Madina, wadda riwayar Warshu da muka gada a tsangayoyinmu ta fito daga gare ta. A 935 aka gurfanar da wani malami, Ibnu Shanabuz, a gaban waziri Ibnu Muƙla, bisa tuhumar yana karatu a salla da ƙira'o'in da suka saɓa wa Mus'hafin Usmanu. Aka yi masa bulala, aka sa shi ya sa hannu a takardar tuba. An ruwaito cewa a cikin zafin dukan ya roƙi Allah Ya sa a yanke hannun wazirin. Ko an yarda da wannan riwaya ko ba a yarda ba, marubutan da suka zo baya ba su manta da ita ba, saboda abin da ya biyo.

Wazircinsa na uku ya rushe ne a kan kuɗi. Gwamnoni sun daina aiko da haraji, Buwaihawa sun kama Farisa, Hamdanawa sun riƙe Mausil, yaƙin da ya jagoranta da kansa a kansu a 935 kuma bai haifar da komai ba. Soja suka rasa albashi, aka kama shi a 936. Cikin wannan shekara Halifa Radi ya miƙa ragamar soja da ta kuɗi ga Ibnu Ra'iƙ, da sabon laƙabin Amirul Umara'i, daga nan muƙamin waziri ya zama suna kawai. Ibnu Ra'iƙ ya ƙwace dukiyar Ibnu Muƙla. Shi kuwa, maimakon ya haƙura ya koma ga tawada da takarda, sai ya ɗauki alƙalamin nan nasa ya riƙa rubuta wasiƙun asiri, yana kiran wani kwamanda Baturke mai suna Bajkam ya zo ya kawar da abokin gabarsa, yana kuma rubuta wa halifa yana neman goyon baya. Halifa ya tona asirin. A 938 aka yanke masa hannun dama.

Likitan da aka aika ya duba shi, Sabitu ɗan Sinan, shi ya bar mana labarin waɗannan kwanaki. Ya same shi yana kukan hannun da ya yi wa halifofi uku hidima ya kuma rubuta Alƙur'ani, ga shi an yanke shi kamar na ɓarawo. Duk da haka bai daina rubutu ba. Ya riƙa ɗaura alƙalami a dungun yana rubutu, ya kuma ci gaba da aika wa halifa saƙo cewa rashin hannu ba ya hana wazirci. Da Bajkam ya doso Bagadaza sai aka yanke masa harshe, aka bar shi a kurkuku ba mai yi masa hidima, har an ce da hannun hagu yake jan guga yana riƙe igiyar da haƙora. Ya rasu a watan Shawwal na 328, wato Yulin 940, yana da shekara hamsin da 'yan kai. Shekara biyar bayan haka Buwaihawa suka shiga Bagadaza, halifa ya koma ɗan amshin shata a cikin fadarsa.

To, mene ne wannan ma'auni da ya wanzu bayan mai shi? Asalinsa abu uku ne: ɗigo, alif da da'ira. In marubuci ya fiƙe alƙalamin kara ya yanke bakinsa a karkace, ya danna shi a takarda ya ja kaɗan, zai sami ɗigo mai kusurwa huɗu wanda yake tsaye a kan kusurwa guda. Wannan ɗigo shi ne mudun awo. Tsawon alif adadin ɗigo ne sananne da aka jera wani kan wani. Alif ɗin kuma shi ne faɗin wata da'ira ta tsakiyarta, sauran baƙaƙe duka daga wannan miƙaƙƙen layi da wannan da'ira ake fitar da su: ra kashi ɗaya cikin huɗu na da'irar, kwanon nun rabinta, ba kuwa tsayuwa ce gajera da kwanciyar da aka auna da alif. Hikimar ita ce tunda bakin alƙalami ne ke haifar da ɗigo, in an sauya alƙalami zuwa babba ko ƙarami, dukan baƙaƙen za su girma ko su ƙanƙance tare, dangantakarsu ba ta canzawa. Wannan shi ake kira rubutu mai nasaba, wato wanda kowane baƙi yake da dangantaka ta awo da ɗan'uwansa.

Mai nazarin harshe zai gane wannan aiki nan take. Larabawa sun daɗe suna waƙa kafin Halilu ɗan Ahmad ya fitar da ma'aunan aruli, sun daɗe suna magana daidai kafin Sibawaihi ya rubuta nahawu. Haka nan akwai masu kyan hannu kafin Ibnu Muƙla, sai dai kyan nasu baiwa ce da ke mutuwa da mai ita, domin malami ba shi da abin da zai gaya wa almajiri illa ya duba ya kwaikwaya. Da aka sami awo, malami ya sami bakin cewa wannan alif ta gaza da ɗigo ɗaya, wannan nun ta yi zurfi da rabin ɗigo. Kuskure ya zama abin da ake iya nunawa, gyara ya zama abin da ake iya koyarwa, ɗalibin da ke Shiraz da na Dimashƙa suka iya haɗuwa a kan hannu guda ba tare da sun taɓa ganin juna ba.

Wajibi ne a faɗi cewa babu ko shafi ɗaya da masana suka tabbatar rubutun hannun Ibnu Muƙla ne da ya iso zamaninmu, kuma 'yar risalar da ake jingina masa a kan rubutu da alƙalami kwafinta na baya ne. Saboda haka masanan zamani suna da saɓani a kan ainihin salon da ya gyara, da kuma iyakar abin da magadansa suka ƙara. Abin da ba a saɓa a kai ba shi ne duk salsalar marubutan gabashin duniyar Musulmi a kansa take tsayawa. Ibnul Bawwab, wanda ya rasu a 1022, shi ya ɗauki awon ya sa masa taushi, kuma Alƙur'anin da ya rubuta a Bagadaza a 391 Hijira yana nan a ɗakin karatu na Chester Beatty a birnin Dublin. An ruwaito cewa lokacin da yake kula da ɗakin karatun sarki Baha'ud Daula a Shiraz ya tarar da juzu'i 29 na wani Alƙur'ani rubutun Ibnu Muƙla, ya rubuta cikon na 30, sarkin ya kasa bambance shi da sauran. Ma'anar labarin a fili take: hannun da ke da awo ana iya gadonsa.

Bayansa Yaƙutul Musta'asimi, wanda ya ga faɗuwar Bagadaza a hannun Mongol a 1258 ya kuma rasu wajejen 1298, shi ya kammala abin da ake kira alƙaluma shida: Naskhi, Sulusi, Muhaƙƙaƙ, Raihani, Tauƙi'i da Riƙa'i. Biyu daga ciki suka raba aikin duniya tsakaninsu. Naskhi, wanda malaman baya suke auna alif ɗinsa da ɗigo biyar, ya zama rubutun cikin littafi, domin ba ya gajiyar da ido. Sulusi, mai alif na ɗigo bakwai, ya zama rubutun girmamawa, na kan surori da bangon masallatai da bangon littattafai, shi ne kuma a rigar Ka'aba da tutar Saudiyya. Turkawan Santambul suka karɓi tutar ta hannun Shaihu Hamdullahi, wanda ya rasu a 1520, da Hafiz Usman, wanda ya rasu a 1698, har zuwa Mustafa Izzat wanda ya rubuta manyan faifan nan masu sunan Allah da Manzo da halifofi da ke rataye a masallacin Aya Sofiya.

Da injin ɗab'i ya zo aka ga amfanin awon a wani fage dabam. Turawan Italiya sun buga littafi da haruffan Larabci na dalma tun 1514, suka buga Alƙur'ani a Venis wajejen 1538, amma baƙaƙensu sun fito a gurguje, domin waɗanda suka sassaƙa su ba su san dangantakar da ke tsakaninsu ba. Ibrahim Mutafarriƙa ya fitar da littafinsa na farko a Santambul a 1729. Sai a ƙarni na 19 aka sami haruffan ɗab'i da idon malamai ya kwanta da su, lokacin da wani Ba'armeniye, Ohannes Muhandisyan, ya sassaƙa Naskhi bisa hannun Mustafa Izzat, madaba'ar Bulaƙ ta Masar kuma ta inganta nata, waɗanda da irinsu aka buga Mus'hafin Alƙahira na 1924. Sulusi kuwa ya ƙi dalma, saboda baƙaƙensa suna hawa kan juna suna sarƙewa, don haka har cikin ƙarni na 20 da hannu ake rubuta sunayen littattafai da kanun jaridu a ɗauki hotonsu. Kwamfuta ce ta sauƙaƙa wannan, kuma masu zana samfurin haruffan Larabci a yau da ɗigon nan mai kusurwa huɗu suke fara darasi.

Mu nan ƙasar Hausa da Barno ba ta wannan hanya rubutu ya zo mana ba. Namu ya ƙetaro Sahara ne daga Magrib, shi ya sa muke sa wa fa ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Ibnu Haldun ya lura tun a ƙarni na 14 cewa a Masar ana koyar da rubutu baƙi-baƙi bisa ƙa'ida, a Magrib da Andalus kuwa ɗalibi yana kwaikwayon kalma ce sukutum daga hannun malaminsa. Haka abin yake a kan allo har yau. Muna da sunayen baƙaƙe masu bayyana siffa, irin su kaf lasan da lam ara da mim jaye da ha kuri, muna da hannun Barno mai kauri da kwarjini, muna da na Kano wanda marigayi Sharu Bala Gabari ya kai shi ƙololuwa, har aka riƙa ɗaukar hoton Alƙur'anin da ya rubuta ana bugawa. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne rubutacciyar ƙa'ida da ke cewa alif ɗin Barno ɗigo kaza ne, cikin nun ɗin Kano kaza ne. Ilimin yana nan a yatsun alarammomi, in ɗaya ya rasu kuma ya tafi da nasa.

Ana iya cewa awo zai kashe 'yancin hannu, ya mai da kowa ɗaya. Tarihin da muka bi ya ƙaryata wannan tsoro, domin Ibnul Bawwab da Yaƙutu da Hamdullahi duk a kan ma'auni guda suka tsaya, amma masani yana kallon shafi zai gaya maka na wane ne. Haɗarin gaske yana wani wajen. Yaranmu suna buɗe waya da kwamfuta suna ganin Naskhi kaɗai, Mus'hafin Madina ya cika masallatai, a hankali hannun kakanninsu yana zama musu baƙo. Samfuran haruffan kwamfuta da suka fi shahara na ajaminmu, wato Harmattan da Alkalami, wanda aka zana bisa rubutun Kano, ƙungiyar SIL ce mai cibiya a Amurka ta samar da su. Ko a boko ma haka zancen yake: yawancin haruffa masu lanƙwasa da ake ƙawata katin biki da takardun shaida da su ba su da ƙ da ɗ da ɓ, shi ya sa za ka ga an gayyaci baki maimakon baƙi, zuwa daurin aure maimakon ɗaurin aure.

Wannan aiki bai fi ƙarfinmu ba. Akwai dubban rubuce-rubucen hannu a Gidan Arewa da ke Kaduna, da Jami'ar Bayero, da Jami'ar Maiduguri, da gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, ban da na gidajen malamai. Abin da ake bukata shi ne sassan Larabci da Hausa da zane da kimiyyar kwamfuta su zauna da alarammomin da ke raye, a auna baƙaƙensu ɗaya bayan ɗaya da bakin alƙalaminsu, a rubuta ƙa'idar cikin Hausa da Kanuri da Larabci, a fitar da samfurin haruffa na cikin littafi da na ƙawa, a sa sunan malamin da aka ɗauki hannunsa, a kuma biya shi haƙƙinsa. Kuɗin da wannan zai ci bai kai na taron ƙaddamar da littafi guda na wani babban mutum ba.

Sauran darasin kuma na 'yan boko ne irinmu, waɗanda ido ke kan kujera. Ibnu Muƙla ya ba fada ƙuruciyarsa da basirarsa, ya ƙulla ya kwance, ya tumɓuke halifa ya naɗa wani, fada ta biya shi da yanke hannu da harshe. Abin da ya yi a gefe, da kara da tawada, shi ne har yau ake koyarwa daga Santambul zuwa Jakarta. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, kuma gidan mai ilimi shi ne fanninsa. Wanda Allah Ya ba sani a kan wani abu na al'ummarsa, to ya zauna ya auna shi, ya rubuta shi yadda na baya zai iya ɗauka, tun hannun yana jikinsa. Allah Ya jiƙan Ibnu Muƙla, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya kuma saka wa malamanmu masu alƙalami da alheri.